Abin da Kaka Ta Shafe da Tafin Hannu

Kwanan nan ba ni da natsuwa. Ɗana Musa, mai sayar da kayan gyaran mota a unguwar Suame, ya ce zai karɓe katin laburaren 'yarsa Rabi. Laifinta shi ne duk ranar Asabar tana shiga trotro, motar haya, ta je laburaren gwamnati, ta dawo da littattafan zane, waɗanda ake ba da labari a cikinsu hoto bayan hoto, magana kuma tana fitowa daga bakin mutane cikin ɗan da'ira.

"Baba, wannan ba karatu ba ne," in ji shi. "Jarrabawa na tafe, ita kuma tana kallon 'yan hotuna kamar 'yar yaye."

Rabi ba ta da surutu. A gidan nan ba abin da ke buɗe bakinta irin waɗannan littattafai, kuma ina tsoron in an rufe mata wannan ƙofa ba za ta ƙwanƙwasa wata ba. Wannan tsoro ne ya mayar da ni gidanmu na haya a unguwar Alabar, inda na tashi, wurin kakata Hassana.

Da an idar da sallar magariba, Kaka takan jawo murhun gawayi bakin ɗakinta. Sai ta kwashi tokar da ta huce ta baza a kan siminti, ta lallaɓe ta da hannu. Mu yaran gidan, 'ya'yan Hausawa da Mosawa da Dagomba, mu zagaye ta, kowa da irin Hausarsa. Takan ce, "Ga ta nan tafe daga arewa." Mu ce, "Ta shigo, mun share mata wuri."

Kaka ba da baki kaɗai take tatsuniya ba. Da tsinken tsintsiya take zana kowane wuri a toka. In ta gama da shi ta shafe da tafin hannu, ta zana na gaba. Na zauna Abidjan da Tarabulus da Jidda, na ji masu ba da labari da harsuna iri-iri, ban ga mai wannan ɗabi'a ba sai ita.

Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce ta 'yar falken shanu. Uban ya koro shanu zuwa kudu, damina ta zo ta wuce bai dawo ba. Yarinyar ta ɗaura ƙunshin dawo, wato curin fura, a zane ta bi sawun kofato. Kaka ta zana sawun ɗigo-ɗigo, ta zana kurar da yarinyar ta yaudara da ƙaho, ta zana tsohuwar da ta ba ta ruwa. Can sai ga babban kogi, layi uku masu lanƙwasa, babu kwalekwale, babu gada, ga yarinya tsaye ita kaɗai. Kaka ta shafe. Da ta sake zanawa, yarinyar tana wancan ƙetare, ƙunshin nan babu shi a kanta.

"Kaka, ta yaya ta ƙetare?" muka tambaya.

"Ni ina na sani? Ina fifita wuta lokacin."

"Kin sani mana!"

Ta nuna ni da tsinken. "Kai maigida, raggon miji, abinci in dafa maka, kogi ma ni zan ƙetarar maka? Tsakanin wancan zane da wannan, gonarku ce. Ku nome ta."

Wani yaro ya ce wani kada ne ya goya ta, ta biya shi da dawo. Wata ta ce wutsiyar wani sa ta riƙe. Ni kuwa tsoro ya kama ni, don a lokacin mahaifina ma yana hanyar arewa wajen sayen shanu, kuma an ce kogi ya cika. Ban ma ji yadda yarinyar ta sami ubanta ba. Kwanaki ina gina hanyoyin ƙetarewa a zuciyata ina rushewa, har na koma wurin Kaka na ce masunta ne suka ji kukanta. Ta ce, "To, haka aka yi." Daga baya na gane kowa ya kawo tasa haka take ce masa.

A Abidjan na fara ganin manyan mutane, har da masu furfura, suna karanta littattafan zane a cikin bas ba tare da jin kunya ba. Da na buɗe ɗaya sai na ga tokar Kaka: hoto, siririn fili fari, wani hoton. Duk abin da ya faru a farin filin nan mai karatu ne ke yin sa, ba a tambayar mai zane. Shi ya sa nake raka Rabi laburare in ƙafata ta yarda, nake kuma ce wa abokaina a masallaci su aro wa jikokinsu. Su fara da masu ƙarancin rubutu, su zauna tare da yaron, su riƙa tambayarsa abin da ba a zana ba.

Jiya Musa ya shigo da yamma, hannunsa duk baƙin mai. Na ce ya zauna. Na buɗe littafin da Rabi ta aro, na nuna masa hoto biyu. A na farko wata mata ce a tashar mota, da ƙunshi a ka. A na biyu tana cikin mota, ba ƙunshin.

"Ina kayanta?" na tambaye shi.

"An sace, Baba. Tasha ce fa."

Rabi tana bakin ƙofa. A hankali ta ce, "Ba sacewa aka yi ba, Baba. Ta bar wa ƙanwarta. Duba tagar baya, ga hannun ƙanwar can yana riƙe da shi."

Musa ya kusantar da littafin ga idonsa. "Wannan hannu ne? To me ya sa ba ta waiwaya ba?"

"Don kada ta yi kuka."

Ya dube ta ya daɗe, kamar yau ya fara jin muryarta. Ni dai sai na ga kaina yaro a Alabar, gaban tokar Kaka. Ya juya shafi, ya sake juyawa, ya yi tsaki ya ce mai zanen bai san yadda ƙafar babbar mota take ba.

Bai ce ya fasa karɓe katin ba, kuma ban tambaye shi ba. Amma da safe Rabi ta leƙo ɗakina tana raɗa: "Tsoho, littafin ba ya nan. Na gan shi a aljihun rigar aikin Baba."

Na ce, "Amarya, to yanzu me zai faru?"

"Kai fa ka ce ba a tambayar mai zane," in ji ta.

Kaka takan rufe da cewa, "Ƙurunƙus, toka ta koma toka." Ni ba zan iya faɗin haka ba tukuna. Hoton farko na gan shi, na gaba sai Musa ya dawo daga Suame. Ina zaune a farin filin da ke tsakani da tasbaha a hannu, ina sauraron ƙarar ƙofa.