Ranar da Dokta Zakari ya cire tabarau

Har gobe ba zan manta da wata Talata ta tsakiyar zafi ba, lokacin ina ma'aikacin labo, ɗakin gwaje-gwajen kimiyya, a ƙarƙashin Dokta Zakari. Ku da kuka zo daga baya kun san shi da sanda da baƙin gilashi. Ni na san shi yana zare wayar da ta fi gashi siranta ba tare da ya ƙifta ido ba.

Haifaffen Zongo ne, ya yi karatu a Faransa, ya dawo da tsofaffin na'urori ya kafa labo a bayan gidan mahaifinsa. Mu uku ne: shi shugaba, Afi 'yar unguwar Bè-Kpota mai haɗa sinadarai, sai ni mai kula da wayoyi da awo.

Ga wanda bai san aikin ba, muna shafa ƙarfen kobalt a kan farantin jan ƙarfe ta hanyar lantarki, shafe siriri da ido ba ya ganin kaurinsa. Sai mu tsoma farantin cikin kwalbar ruwan soda mai ƙuna, irin wadda mata ke yin sabulu da ita, mu ba shi ɗan lantarkin da bai wuce na batirin tocila ba. Burinmu maganaɗisun ƙarfen ya ragu idan mun kunna, ya dawo idan mun juya wutar. Dokta ya ce in hakan ta tabbata, za a iya ƙera ma'ajiyar kwamfuta marar cin wuta. Mun shekara muna gwadawa, farantai suna lalacewa.

Dokar labo biyu ce: tabarau na kariya a ido, fankar da ke zuƙe iska a kunne, domin ruwan yana fitar da iskar gas mai kama wuta.

Ranar, bayan azahar, aka ɗauke kuran, wato wutar lantarki. Fanka ta tsaya. Na'urorin awo kuwa suna kan batir, kuma layin awon maganaɗisu da ke kan kwamfuta ya fara lanƙwasa yadda ba mu taɓa gani ba.

Afi ta ce, "Dokta, mu dakata har wuta ta dawo."

Ya ce, "In mun tsaya farantin ya mutu. Musbahu, ƙara kaɗan."

Na ƙara. Ɗakin ya yi zafi, gumi ya rufe masa tabarau. Ya tura shi goshi, ya sunkuya kan kwalbar don ya gyara maƙalar waya da ta saki. Wayar ta yi tartsatsi, gas ya kama, kwalbar ta fashe, ruwan soda ya fantsama masa a ido. Ƙarar ba ta fi ta fashewar kwan fitila ba. Sai na ga ya ja da baya, hannayensa a fuska, bai yi ihu ba, salati kawai yake yi.

Afi ta kwantar da shi ƙasa, ta buɗe masa ido da yatsunta, ni ina kwarara ruwan jarka. Da ruwan ya ƙare maƙwabta suka kawo na randa da na butocin alwala. Yana cikin wannan hali ya kamo rigata.

"Musbahu, layin ya koma?"

Na waiwaya na duba. "Ya koma, Dokta. Ya sauka, ya koma."

Ya ce da Faransanci, "Ça marche," wato abu ya yi, sannan ya bari aka ɗauke shi.

Tasi ta maƙale a cunkoso, muka sauke shi muka ɗora shi a zemijan, babur ɗin haya, ina riƙe da shi ta baya. Likitoci sun yi iya yinsu. Idon dama ya tafi, na hagu haske da duhu kawai yake rarrabewa.

Bayan wata biyu ni da Afi muka maimaita gwajin, fanka a kunne, ya sake fitowa daidai. Na je gida na gaya masa. Ya miƙo tafin hannunsa ya ce in zana masa layin da yatsa. Na zana. Ya ce in sake, a hankali.

Abin da na koya shi ne, haɗarin aikin nan ba ya zuwa ranar da komai ya ƙi. Ranar da abu ya fara yi yake zuwa, lokacin da babu mai son tsayawa, kuma wanda ya fi kowa sani shi ya fi kusantar kwalbar. Shi ya sa na ba ƙaramin cikinku ikon kashe wuta ko ni ne a kan gwaji, kuma ba sai ya nemi izinina ba.