Gonar Kawu a Bakin Keken Rubutu

Keken rubutun da na tarar a ofishinmu na Birnin Gwari, 'yan shekaru bayan samun mulkin kai, yana da wani hali da har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Akwai maɓallin da ake dannawa in za a fara sabon sakin layi, ya tsallake gurbin harafi biyar daga gefen takarda. A inda na koyi bugu, layi na gaba gefe yake komawa. Wannan kuwa inda aka tsayar da shi nan ya mayar gida, duk layin da ya biyo baya daga nan zai tashi. A sake dannawa, ya ɗora biyar a kan biyar. Kafin a kai ƙasan takarda rubutu ya rakuɓe a dama, hagu fari fat.

Ranar da na kama aiki na juya shi zan duba bayansa, sai babban akawu ya daka mini tsawa.

"Ke! Haka Bature ya bar shi, haka muka same shi. Kin fi wanda ya ƙera shi sani ne?"

Na ce, "Allah ya huci zuciyarka, ranka ya daɗe," ina tafasa a ciki.

Magani ɗaya aka yarda da shi: in an gama wasiƙa, masinja ya ɗaga keken ya dire shi a tebur, gif, sai ya manta ya koma gefe. Mutanen gari kuwa tuni suka yi masa fassara. Wai keke ne mai ladabi, ja da baya yake yi in ana magana da manya. Har akwai masu auna farin da yatsa, in bai kai yatsu uku ba su ce an raina wanda aka rubuta wa.

A shekarar da aka zo sake shata iyakar gandun daji, kawuna, yayan mahaifiyata, ya iso daga Kakangi a ƙafa. Gonarsa a bakin dajin take, iyakar ta sha gutsurarta, wannan karon kuma abin da ya rage za ta haɗiye. An ce mai kuka ya kawo a rubuce kafin mai safiyo, wanda zai auna iyakar, ya tashi jibi. Kawu bai san ko harafi ɗaya na boko ba. Ya zauna a ƙasa kusa da teburina ya ce, "'Yar nan, rubuta yadda na faɗa, kada ki yi mini gyara."

Ya fara da gonar yadda ya gaje ta, daga rafi har kufan gidansu, inda aka binne mahaifinsa a gindin ɗorawa. Sai ya ce, "Sauka ƙasa, wata magana ce." Na danna maɓalli. Ya faɗi yadda aka yanke kufan da kabarin aka ce daji ne. "Sauka ƙasa." Kaɗanyoyi sun tafi. "Sauka ƙasa." Wurin doya ya tafi. Sau tara mutumin nan yana saukar da ni, keke yana ta ladabinsa. Na yafito masinja ya zo ya dire shi, kawu ya tare da sanda.

"Maganata tana ciki za ka buga ta da ƙasa? Ka kuskura!"

Haka muka ƙarasa. Roƙon da ya tako wannan tafiya dominsa, a bar masa abin da ya rage, kalma ɗai-ɗai ya fito a kowane layi, a can kusurwa, kamar jerin tururuwa.

Kunya ta kama ni. Takardar kawuna ce, kuma kowa zai san ni na buga. Da babban akawu ya fita sallar azahar, na kwance bayan keken. Abin da Bature ya bari ashe gidan zanzaro ne, busasshiyar laka ta danne wani ɗan ƙarfe. Da tsinken tsintsiya na kawar da shi. Na sake buga takardar tsaf, gefe a miƙe, na miƙa wa kawu ina jiran yabo.

Ya riƙe su biyu, ya daɗe yana dubawa. Ya turo mini sabuwar.

"Wannan gonar wani ce. Mai wannan gona me zai yi wa kuka?" Ya ɗaga tsohuwar. "Ga tawa. Ga rafi a sama, ga daji yana cin ta daga yamma. Ƙarfen nan ya fi ki sanin gonar, ke da kika ci doyarta."

Na yi magiya, na yi faɗa, a banza. Da aka kawo tawada ma bai dangwala a ƙasa inda ake dangwalawa ba. Tsakiyar farin ya nufa ya danna babban yatsa, ya ce nan ubansa yake.

Da la'asar babban akawu ya gane an taɓa keke. Kwana uku bai amsa gaisuwata ba, mutane kuma suka ce tun da mace ta sa wa keken hannu ya daina ganin girman kowa.

Mai safiyo dai takardu sun taru masa, duk kamarsu ɗaya, sai ta kawu. Bai ƙware a Hausa ba, sai ya ɗauka taswira ce. Ya tafi Kakangi da ita a hannu, yana dubawa yana sa a kafa duwatsun iyaka hawa-hawa, kwana tara cif. Gonar ta tsira, har da ɗan ƙari. Inda yatsan yake kuma, a cikin dajin, aka kewaye wa kawu fili kamar faɗin tsakar gida, da ɗorawar a tsakiya. Hanya ce kawai ba a bar masa ba, don babu ita a takarda. Tsakaninsa da kabarin gandu ne, shiga sai da izinin malamin daji.

Bayan girbi ya kawo mini doya. Ya zauna inda ya zauna a da, yana kallon keken da na gyara. Ya ce, "'Yar nan, ƙarfen nan ba ya jan layi ne? Ko ɗan siriri, daga gona zuwa wurin baba?"

Yana ja. Maɓallin yana nan a sahun sama, ƙarƙashin yatsana. Sa'adda ya kamata in tambaye shi ta ina yake bi zuwa kabarin, ina can ina neman tsinken tsintsiya.