Yaya Bashir da Majalisar Ingilawa

Shekara takwas ke nan da rasuwar yayana, Injiniya Bashir, a Birmingham, kuma har yau idan na bi ta babban titin Erdington, unguwar da ya zauna, sai na tuna rigimar da ya jawo mana a wurin.

Wata Asabar muna cefane muka tarar da 'yan wata ƙaramar jam'iyya sun kafa tebur suna rabon takardu. Buƙatarsu a ba Ingila majalisarta, kamar yadda Scotland da Wales suke da nasu. Mai rabon ya miƙa wa kowa, da ya zo kanmu ya ɗauke kai. Yaya ya ajiye ledar kayan miya ya koma.

"Malam, ka tsallake ni. Nan nake biyan haraji."

Ya karɓi takardar, ya karanta a bas, ya ce mini, "Wallahi Sadiku, maganarsu akwai gaskiya. Matsalar ita ce wa suke kira Ba'ingile."

Da suka kira taro a Manchester, ya ja ni muka hau jirgin ƙasa, yana sanye da kaftani da hula. Bayan jawabai ya miƙe ya ce yana goyon bayan majalisar, amma yana son amsa: 'yarsa Safiyya, da aka haifa a asibitin Edgbaston na Birmingham, tana da kujera a ciki ko babu? Wani daga baya ya ɗaga murya ya ce ya koma garinsu.

"Erdington? Zan koma," in ji Yaya. "Jirgin yamma zan bi."

Wasu suka yi dariya, shugaban taron ya hau kame-kame. Yaya ya ƙi zama, ya maimaita tambayar, har shugaban ya ce, cikin ƙaramar murya, tana da ita.

A gida ma bai tsira ba. A masallacinmu na unguwar Small Heath aka riƙa ce masa Baturen Kano, wasu na cewa me ya kai shi cikin waɗanda ba sa ƙaunarmu. Amsarsa ba ta taɓa sauyawa ba: ba zai bar wa kowa sunan ƙasar da ya haifi 'ya'yansa a cikinta ba.

Yau majalisar ba ta samu ba, jam'iyyar tana nan da ƙanƙantarta, masu cewa mu koma kuwa sun ƙara baki. Da yana raye me zai yi? Na san ba zai rufe ƙofa ya yi tagumi ba. Zai tambayi inda za su yi taro.

Da ciwon ajalinsa ya tsananta, na tambaye shi ko mu mayar da shi Kano ya ƙarasa jinya cikin dangi. Ya girgiza kai. A Birmingham muka yi masa sutura, Allah ya jiƙansa. Ƙasar Ingila ce ta rufe shi, kuma babu mai iya ce masa ya tashi.