Wayoyi Biyu a Utai

Ƙamshin ƙosai ne ya raka mu tasha. Mun tashi da asuba daga Kano, ni da yayata, da wayoyi biyu a jakata. Shekara guda ta yi tana gyaran manhajar da ke sauraron tambayar manomi ta ba shi amsa. Waya ɗaya na ɗauke da tsohuwar manhajar, ɗayar kuma da sabuwar. In mutanen ƙauyen Utai ba su karɓi sabuwar ba, malaminta ba zai sa hannu a aikin digirinta ba.

A mota ta yi mini bayani. Wai in mutum ya yi magana, na'ura kan bi hanyoyi barkatai tana neman kalmomin da ya faɗa, ita kuma ta koya mata ta saki waɗanda ba za su ɓulle ba tun da wuri, don amsa ta zo da sauri. Na gyaɗa kai, alhali tausayin hanyoyin da aka saki nake ji. A gadar Wudil kogi ya cika ya yi ja, masu soyayyen kifi suna turo tire ta taga. Da muka ji farashi, muka ƙoshi da kallo.

Adaidaita ta kai mu Utai ta tsakiyar geron da ya fi mu tsayi. Aka shimfiɗa tabarma, aka kawo fura. Bayan doguwar gaisuwa, wani dattijo ya tambayi waya mai tsohuwar manhaja maganin tsutsar masara. Ta yi shiru, ta ƙara yin shiru, sannan ta amsa. Ya ce, "Madalla." Na miƙa masa sabuwar. Kafin ya rufe baki ta ba shi wannan amsar dai. Ya ajiye ta a hankali.

"'Yata, mayar da wannan cikin jaka."

"Baba, ai ita ce mai kyan!" in ji yayata.

"To, Allah ya ƙara mata kyau."

Duk wanda ya gwada, haka ya yi. Yayata ta harare ni, wai ko na musanya wayoyin. Na duba, na sake dubawa, har ni ma na daina gane wacce ce wacce.

Da la'asar muka iso gida. Abin da na koyo a tafiyar bai wuce cewa ban gane na'ura ba, ban kuma gane mutane ba.

Sai bayan watanni, ranar da malaminta ya sa hannu, yayata ta gaya mini ta koma Utai ita kaɗai. Dattijon ya ce mata sabuwar wayar ba ta saurare shi ba ne, jira kawai take ya gama. Yayata ba ta rage saurin binciken ba ko kaɗan. Ta dai sa wayar, in ta samo amsa, ta yi shiru na numfashi biyu kafin ta yi magana.