Aljihun Ƙanena

A shekarar da jami'a ta yi dogon yajin aiki, Samaru ta zama wayam babu ɗalibai, ƙanena ya rufe shagonsa na gyaran takalma ya koma gonarmu ta bayan Shika. A damunar nan kuwa masu garkuwa na ɗauke mutane a gona. Wata rana ya same ni ya ce yana son ƙaramar bindiga, wadda zai ɓoye a jikinsa ba wanda ya sani.

Ban yi masa faɗa ba, don na san halinsa. Na ɗauke shi muka tafi Sabon Gari wurin malamin da ke koya mana karatu a ajin manya, wani tsohon ɗan sanda mutumin kudancin Kaduna da kowa ke kira Baba Saje. Na sa rai zai tsoratar da shi.

Baba Saje ya fara da cewa doka ba ta ba irinmu izinin riƙe ta ba. Da ya ga ƙanena bai ɗaga kai ba, sai ya gyara zama ya shiga kwatanta masa su kamar mai zaɓen fartanya. Ya ce a zamanin aikinsa ya rataya iri biyu ban da babbar bindigarsa. Libarba, mai ɗan tulu da ke juyawa, ba ta cika ƙin tashi ba, amma tana kumbura riga har makaho ya gane. Fistol shimfiɗaɗɗiya ce, tana kwanciya a ƙugu lafiya lau, sai dai ba ta shiri da ƙasa da gumi, manomi kuwa da su yake wuni. Ta ƙirar maƙera, wadda ya san ita ce kawai ƙarfin ƙanena zai kai, ya ce ita ba ta san mai ita ba.

Daga nan ya tambaye shi inda zai sa ta. Ƙanena ya ce a aljihun gefe.

"To, wa ke sa maka hannu a aljihu a gida?"

"Matata mana, Baba, in na yi barci."

Muka yi dariya mu biyu. Baba Saje bai yi ba.

Ƙanena ya sayar da tumakinsa biyu ya sayi ta maƙeran. Ban tambaye shi a ina ba. Nauyinta ya yaga aljihun, matarsa ta yi masa faci da ƙyallen buhu. Ya daina zama cikin mutane yadda ya saba, kullum gefe guda yake karkata.

Yana da 'ya da ba ta shiga makaranta ba tukuna. Tun da ta fara tafiya, in ta ji ƙarar babur ɗinsa sai ta fito da gudu tana oyoyo, ta cusa hannu a aljihunsa ta lalubo gyaɗa ko goba. Wata la'asar ina zaune a ƙofar gidan ya dawo a gajiye, ya manta bai ɓoye bindigar a zaure yadda ya saba ba. Yarinyar ta riga shi. Na ga hannunta ya nutse har gwiwa. Ya make ta da ƙarfin da ban taɓa ganin ya daki ko jaki da shi ba, ta faɗi a bakin kwata. Ta daɗe tana kallonsa kafin kukan ya zo.

Ya zauna a ƙasa, ya ce, "Yaya, kunamar bindigar ta taɓa."

Washegari muka naɗe ta a tsumma muka kai wa Baba Saje, shi ya san inda ya miƙa ta. Bai ce mana ai na faɗa muku ba, ruwa kawai ya ba mu.

Bindigar ba ta taɓa tashi ba ko sau ɗaya. Abin da ya tafi shi ne tumaki biyu, riga ɗaya, da masarar gefen daji da ya bari a gona ba a girbe ba. Yarinyar tana aji uku yanzu. Tana fitowa ta yi masa sannu da zuwa, ta tsaya nesa kaɗan, sai ya ciro gyaɗar da kansa ya miƙa mata.