Safar da ba ƙafa aka yi wa ba

Shekara ta biyu da zuwana unguwar Catford a ƙasar Turawa ke nan, wajen ƴata da mijinta likita, ina riƙe musu yara. Ni ban taɓa zama a aji ba, amma a unguwarmu a Kano duk jaririn da aka haifa, hular ulu ta hannuna ya fara sawa.

Jikata ta fari tana da shekara shida a lokacin. Hausa tana ji sarai, amma sai ta mayar mini da Turanci, ni kuwa in bi bakinta da ido. Wata Litinin ta dawo daga makaranta da takarda. Uwarta ta karanta a tsaye, tana neman makullin mota.

"Inna, wai ranar Juma'a kowane yaro ya kawo safar Kirsimeti, za a rataya a aji. Zan biya kasuwar Lewisham in sayo."

"Ki sayo? Ina raye? Kawo ulu kawai."

Yarinyar ta yi tsalle. Washegari ta gaya wa ƴan ajinsu kakarta ce za ta saƙa mata tata.

Na ce, "Zo nan, ƙawata, miƙo ƙafar." Na auna da zare tun daga diddige har babban yatsa, tana dariya don tana jin cakulkuli. Kwana biyu ina kan kibiyar saƙa, jan ulu da fari, ba na nuna wa kowa, don ba na son a ga aikina sai ya kammala. Ranar Laraba da la'asar na ajiye mata safa guda biyu a kan gado, daidai ƙafarta, diddigen nan kamar an zana.

Ta kalle su, ta kalle ni, sai hawaye. Ta yi ta magana, ban tsinci ko kalma ɗaya ba. Uwarta tana wurin aiki. Na ɗauki safar na ƙwanƙwasa wa maƙwabciyarmu, mutuniyar Gana mai ɗan jin Hausa, wadda ke shara a makarantar. Ta juya su a hannu, ta yi dariya har da dafa bango.

"Hajiya, wannan safa ba ƙafa ke shiga ba! Guda ɗaya ne, babba, kamar buhu. Malama yana zuba alewa da lemu ciki."

"Guda ɗaya? Ɗayar ƙafar fa, laifin me ta yi?"

"Hajiya, ba mai sa shi. Rataya ne kawai."

Raina ya ɓaci. Na koma na zauna ina tunanin mutanen da za su ɓata ulu a kan safar da ba ta da ƴar'uwa, ba ta kuma ɗumama kowa. Na kusa cewa a je a sayo ta kanti. Amma yarinyar ta riga ta yi alkawari da sunana a gaban tsararrakinta, kuma a wannan ajin ita kaɗai ce kakarta ba ta iya gaisawa da malama.

Sauran ulun bai isa babbar safa ba, sai na warware biyun da na saƙa. Ban taɓa warware aikin da ba shi da aibu ba sai ran nan. Na ce ta miƙo hannuwa biyu, na riƙa naɗe zaren a kansu, tana shessheƙa tana kallon safar tana ƙanƙancewa.

Ulun da aka warware ba ya komawa yadda yake; duk ya lanƙwashe. Ga shi babu ƙafar da zan auna, sai ido. Yinin Alhamis na yi a kanta. Ta fito doguwa, bakinta ya buɗe, diddigen ya karkace gefe. A Kano da na ɓoye ta a ƙasan akwati.

Da safen Juma'a na riƙe ta a cinya, na ce wa ƴata ko dai ta tsaya a kanti a hanya. Ban rufe baki ba yarinyar ta fizge ta, ta zura hannu har kafaɗa, ta ga bai kai ƙarshe ba. Ta cusa ta a jaka, rabi na lilo a waje.

Ni na raka ta. A bakin ƙofar makarantar ta zaro ta tana nuna wa wata Baturiyar yarinya, tana nuna ni da yatsa. Na gyara mayafina, na tsaya sosai don a gan ni da kyau.