Awon Jini a Zauren Baba

Ni ɗan fari ne, don haka Baba bai taɓa kiran sunana ba. Idan yana nemana sai ya ce a kira masa mai kwamfutar nan. In an tambaye shi aikina a rumfarsa ta atamfa a Babbar Kasuwa, cewa yake danne-danne nake yi ana biyana. Ban taɓa gyara masa ba, don bai yi nisa da gaskiya ba.

Shekarar da hawan jini ya fara kwantar da shi, ni da abokan aikina muna rubuta manhajar wata ƙaramar na'ura. Mara lafiya zai ɗaura ta a damtse, ta auna jininsa, ta aika wa likita ta intanet. Na kai wa Baba guda gidanmu na Ƙofar Guga, na nuna masa yadda ake ɗaurawa, na roƙe shi ya riƙa awo kullum bayan La'asar. Ya jujjuya ta, ya ce Allah ya yi albarka.

Awo ya riƙa zuwa ba fashi, har sau da yawa a yamma ɗaya. Jefi-jefi wani ya haura, amma na bayansa sai ya sauko, manhajar ta ɗauka sake awo aka yi aka gyara. Likitar da ke duba Baba ta ce in aka ɗore a haka, a zuwansa na gaba za ta rage masa magani. Na yi murna kamar an ba ni kujerar Makka.

A makon ne aka yi wani taron injiniyoyi a ƙasar waje, na masu rubuta manhajar jiragen sama da na'urorin asibiti, inda kuskure ɗaya kan ci rai. Ban samu zuwa ba, daga ofishinmu na Ƙofar Kwaya na bi shi ta kwamfuta, janareta na ruri a bayan taga. Aka yi ta lissafi da zane-zane har na fara gyangyaɗi. Can sai wata dattijuwar injiniya ta hau, ta ce ita manhajar da ta lalace ba ta ba ta tsoro, don ana ganewa. Wadda ke hana ta barci ita ce mai yin daidai abin da aka ce ta yi, alhali wanda ya rubuta ta bai taɓa zama a ɗakin da take aiki ba.

Gyangyaɗin ya washe. Ban taɓa ganin Baba yana awo da idona ba. Ina zan gani? Bayan La'asar zaurensa na dattawa sa'o'insa ne, ɗa ba ya zama a cikinsu, shi ya sa kullum da safe nake zuwa gaisuwa. Na rufe kwamfuta na hau babur.

A zauren Baba na tarar da limamin unguwa da na'urar a damtsensa. Wani tela na naɗe hannun riga yana jiran layi, wani tsohon malamin makaranta na karanta lambobin da ƙarfi, ana yi wa wanda nasa ya hau tsiya cewa kilishi ya ci a ɓoye. Baba na zaune a kan buzunsa, shi ke ɗaura wa kowa, fuskarsa fal alfahari. Na tsuguna muka gaisa, aka tambayi gajiya da iyali da aiki. Na matsa na tambaye shi a hankali yaushe rabonsa da nasa awon.

"Kai kau," in ji shi, "ina ka taɓa ganin mai gida ya riga baƙo sa hannu cikin akushi? In sun gama sai in yi. To kahin su gama an kira Magariba."

Ashe da jinin maƙwabta za a rage wa Baba magani. Na karɓi na'urar na ɗaura masa da kaina. Rabona da riƙe hannunsa tun ina ƙarami yana tsallakar da ni titi, ban san damtsen ya rame haka ba. Lambar ta fito. Malamin da ke karanta wa kowa ya duba, ya ƙi karanta ta da ƙarfi saboda yadda ta hau. Washegari likita ta ƙara maganin maimakon ta rage.

A zauren kuwa, da rai a ɓace na ce daga yau ba mai taɓa na'urar sai Baba. Baba bai dube ni ba, liman ya duba ya ce, "Abin da ɗana ya yi da hannunshi, shi zan ɓoye cikin ɗaka?"

Ban taɓa jin ya ce ɗana ba sai ran nan. Na sunkuyar da kai, na janye maganata.

Sai muka gyara manhajar, muka yi mata maɓalli biyu, na mai gida da na baƙo. Liman kuma ya yanke hukunci cewa a wajen magani mara lafiya ke farawa. Baba ya bi, yana mita kullum cewa an mai da shi marar kunya a gidansa. A haka ya ƙara shekaru, har ya ga 'yata ta fara tafiya.

Da ya rasu ban ɗauke na'urar ba. Har yau suna haɗuwa bayan La'asar, maɓallin baƙo har ya koɗe. Kwanaki na leƙa zauren, na ga idan an ɗauko ta, sai an ajiye ta ɗan lokaci a kan buzun Baba kafin liman ya miƙa hannu.